GARIN MO A BAKIN KOGIN MARNE: INDA MASAƘA SUKA RIƘE LITTAFI

Karatu: Ayyukan Manzanni 8:1-8, 1 Korintiyawa 1:26-31

Darasinmu na wannan wata zai kai mu ƙasar Faransa, zuwa wani gari wanda ba shi da girma ƙwarai. Faransawa su kan rubuta sunansa Meaux, amma in za su faɗa sai su ce Mo. Haka mu ma za mu kira shi. Yana gabas da birnin Faris, tsakaninsu kamar mil 25, mutanensa kuwa a yanzu wajen 55,000 ne. Baƙo da ya sauka can zai ga kogi, da gada, da tsohuwar ganuwa, da babbar majami'a. Amma abin da ya sa muka zaɓe shi, a nan ne talakawan Faransa suka fara jin ana karanta musu Sabon Alkawari da harshensu kowace Lahadi, a nan kuma aka kafa ɗaya daga cikin ekklisiyoyin bishara na fari a ƙasar. Manya ne suka soma aikin. Da wahala ta zo suka janye, ƙanana suka riƙe. Bari mu duba yadda abin ya faru, gama akwai abin koyo a ciki dominmu.

KOGI YA RABA GARI BIYU

Kogin Marne ya taso daga gabas, ya yi tafiya fiye da mil 300, kāna ya shiga Kogin Seine dab da Faris. Da ya iso Mo sai ya lanƙwashe kamar baka, ya kewaye wani yanki na ƙasa ta gefe uku. Saboda haka garin ya zama kashi biyu. A hayin arewa akwai tsohon birni, inda bishop da firistoci da ma'aikatan sarki su ke zaune. A hayin kudu, cikin lanƙwasar kogin, akwai unguwar da a ke kira Kasuwa, inda 'yan ciniki da masu sana'a su ke. Gada ce ta haɗa su. Ku riƙe wannan a zuciya, domin dukan labarin nan a tsakanin hayin nan biyu ya ke.

Garin tsoho ne. Tun kafin haihuwar Almasihu wata kabila da a ke kira Meldi ta zauna wurin, daga sunanta aka sami sunan garin. Romawa suka ci ƙasar, suka gina gari, daga baya da mahara suka dame su suka kewaye shi da ganuwar dutse wajen ƙarshen ƙarni na 3. Har wa yau ana ganin wani sashi nata a bayan lambun gidan bishop. Mutanen arewa masu jiragen yaƙi suka biyo kogi suka washe garin a shekara ta 862, suka sāke komowa a 888. Kogin da ya ke kawo fatake, shi ne ya ke kawo abokan gaba.

A ƙarni na 13 aka haƙa hanyar ruwa a kudancin Kasuwa, ta yanke wuyan lanƙwasar nan, jirage suka sami gajeriyar hanya, unguwar kuwa ta zama kamar tsibiri. Aka kewaye ta da garu mai ƙarfi, har ta fi tsohon birnin wuyar ci. A 1358 manoman ƙasar suka tayar wa masu sarauta saboda zalunci, suka zo da niyyar shiga Kasuwa inda matan manya suka fake. Barade suka fito musu a kan gada suka karkashe su, suka sa wa birnin wuta. A watan Oktoba 1421 Sarkin Ingila Henry na 5 ya kewaye garin da yaƙi. Birni ya faɗi a watan Maris, amma Kasuwa ba ta ba da kai ba sai a watan Mayu 1422. Ciwo ya shiga sansaninsa, shi kansa ya mutu a watan Agusta na shekaran nan.

BABBAR MAJAMI'A DA HASUMIYA MAI JIRA

Ginin da ya fi kowane girma a Mo shi ne babbar majami'ar bishop, wadda aka sa wa sunan Istifanus, mutum na fari da aka kashe saboda sunan Yesu. An soma ta wajen 1175. Ba a tsai da aiki ba sai wajen 1540, watau shekara fiye da 350. Wanda ya haƙa tushe bai ga rufi ba, jikokinsa ma ba su gani ba.

Mai karatu da ya taɓa shiga soron sarki ya ga bakan gizo, zai gane dabarar maginan nan. Sun ɗaga ginshiƙai na dutse, daga kan ginshiƙan bakuna suka tashi suka haɗu a sama, nauyin rufi ya bi bakunan ya sauka. Domin kada nauyin ya ture bango waje, suka kafa dogarai na dutse a bayan ginin suna tokare da shi. Da ya ke ba bango ne ya ke ɗauke da rufi ba, sai suka huda shi da manyan tagogi, haske ya cika ɗakin. Daga daɓe zuwa rufi kamar ƙafa 100 ne.

Amma aikin ya sha matsala. Tushen fari bai yi ƙarfi ba, dutsen da suka samu a kusa kuwa mai taushi ne, ruwa da sanyi suna cinsa. Kafin shekara 80 sashin gabas ya fara tsagewa. A 1253 aka ɗauki wani gwanin magini, Gautier de Varinfroy, ya sāke gina shi. Yaƙi da Ingilishi ya tsai da aiki sau da dama, kuɗi kuma ya kan ƙare.

An yi shirin hasumiya biyu a fuskar yamma. Ta arewa ta ƙaru, tsawonta kusan ƙafa 200. Ta kudu ba a gama ta ba. Sai aka yi mata kai na katako domin a rataya ƙararrawa kafin a sami kuɗi, aka rufe shi da falle-fallen baƙin dutse. Mutanen gari suna kiranta Baƙar Hasumiya. Abin da aka yi na ɗan lokaci ya yi shekara wajen 500, yana nan har yanzu. Duk ekklisiyar da ta taɓa aza harsashin sabon ɗakin sujada, damina bayan damina tana kallon bango ba jinka, ba za ta yi wa mutanen Mo dariya ba. A duba Luka 14:28-30.

SANA'AR GARI

Kogi shi ne ƙarfin garin. Aka kafa gidajen niƙa a kan turaku cikin ruwa, waɗansu manne da gadar Kasuwa. Ruwa ya kan tura babbar ƙafa ta katako, ƙafar ta juya dutsen niƙa dare da rana, ba jaki ba hannun mace. Ƙasar da ke kewaye, wadda a ke kira Brie, ƙasar alkama ce mai albarka. Manoma su kawo hatsi, a niƙa, a zuba gari a jirgi, ya gangara Faris. Duwatsun niƙa kuwa daga wani gari a gaba kaɗan a kan kogin a ke sassaƙo su, sunansa La Ferté-sous-Jouarre, sun yi suna har ana kai su ƙasashen ƙetare.

Sana'a ta biyu ita ce tufafin ulu, watau gashin tumaki. Aikin hannu ne mai matakai da yawa, kamar aikin auduga a wurinmu. Waɗansu su wanke gashin, waɗansu su shiɓe shi da mashaci mai haƙoran ƙarfe har ya yi laushi, mata su kaɗa zare, masaƙa su saƙa, waɗansu su jiƙa ƙyallen su buga shi har ya yi kauri, marina su rina. Yawancin waɗannan a Kasuwa su ke zaune. Masu shiɓa su ne a ƙasan kowa, ladansu kaɗan ne, ba mai kula da su. Amma aikinsu na zaune ne, a ɗaki ɗaya, hannu yana aiki kunne yana ji. In mutum ɗaya a cikinsu ya iya karatu, duk ɗakin sun ji.

BISHOP DA TSOHON MALAMI

A 1516 wani bishop mai suna Guillaume Briçonnet ya kama aiki a Mo. Ɗan babban gida ne, yana da shiga a fadar sarki. Da ya zaga ƙasarsa ya tarar firistoci da yawa ba su zaune a wurin aikinsu, suna Faris suna cin kuɗin ekklisiya, sun bar wakilai waɗanda ba su iya koyarwa ba. Dukan sujada da Latin a ke yi, harshen da talaka ba ya ji. Abin ya dame shi. Ya umarci firistoci su koma wurarensu, ya raba ƙasar kashi kashi, ya sa mai wa'azi a kowane kashi.

A 1521 ya kira tsohon malaminsa, Jacques Lefèvre, mutumin Étaples, ya zo ya taimake shi. Lefèvre ya riga ya tsufa, masanin littattafai ne mai tawali'u. Waɗansu almajiransa suka biyo shi, cikinsu har da wani saurayi mai zafin wa'azi, Guillaume Farel. Ƙanwar sarki ba ce ta tsaya musu ba, yayarsa ce, Marguerite, wadda ta kan yi wasiƙa da bishop a kan al'amuran ruhu.

Babban aikin Lefèvre shi ne juya Sabon Alkawari daga Latin zuwa Faransanci. Aka buga Bishara huɗu a Faris a watan Yuni 1523, sauran littattafan a watan Nuwamba, Zabura kuma a 1524. Bishop ya sa aka rarraba wa matalauta kyauta. Aka shirya kuma littafin karatu na kowace Lahadi ta shekara, da ɗan bayani mai sauƙi a ƙarƙashin kowane karatu. A 1524 Lefèvre ya rubuta wa Farel wasiƙa yana murna da yadda talakawa su ke marmarin Maganar tun da aka sa ta cikin harshensu.

Ta haka Littafin ya ƙetare gada, daga gidan bishop zuwa Kasuwa. Masu shiɓa da masaƙa suka riƙa karanta shi a wurin aiki da ranakun hutu. 'Yan ci-rani da su kan zo girbin alkama daga ƙasar arewa suka ji, suka koma ƙauyukansu da shi. Ba a daɗe ba, ko ina a Faransa in an ga mai karanta Littafi sai a ce da shi ɗan Luther na Mo.

MANYA SUN JANYE

Malaman jami'ar Faris ba su yarda da wannan ba. Suka ce sa Littafi a hannun jahilai haɗari ne, koyarwar Martin Luther ce ta shigo daga Jamus. Bishop ya tsorata. Tun a watan Oktoba 1523 ya fitar da doka yana hana littattafan Luther. Farel ya riga ya bar garin. Muddin Sarki François na 1 yana gida, ya kan kāre su saboda yayarsa. Amma a watan Fabrairu 1525 aka kama sarki a yaƙin Pavia a Italiya, aka kai shi Spain. Babbar kotun Faris ta sami dama, ta hana littattafan, ta kira bishop ya amsa tambaya. Lefèvre ya gudu zuwa Strasbourg. Briçonnet ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da zama bishop har ya mutu a 1534.

Kada mu yi saurin hukunta shi. Shi da Lefèvre ba su taɓa nufin fita daga ekklisiyar Roma ba, gyara su ke so daga ciki. Lefèvre kuma bai ajiye alƙalami ba, ya gama dukan Littafi Mai Tsarki da Faransanci, aka buga a Antwerp a 1530. Farel shi ne wanda ya tsai da John Calvin a Geneva a 1536. Amma a Mo kanta, tumaki suka waiwaya ba makiyayi.

ƘANANA SUN RIƘE

Wani mai shiɓar ulu, Jean Leclerc, ya ga takardar Paparoma a kan sayen gafara an manna a ƙofar majami'a, ya yage ta. A 1525 aka yi masa bulala a fili, aka yi masa lalas a goshi da ƙarfe mai zafi. Masu rubuta labarin shahidai sun ce uwarsa tana cikin taron, ta ta da murya ta yabi Yesu Almasihu. Ya tafi garin Metz, can ya farfasa siffofi a wani ɗakin addu'a, aka ƙone shi a watan Yuli na shekaran nan. Ƙarfin zuciyarsa abin mamaki ne, ko da ya ke ba duk abin da ya yi ne za mu ce a yi koyi da shi ba.

Shekara 20 masu bi na Mo suna taruwa a ɓoye, a gidaje da gonaki da kurmi. Ba fasto, ba ɗakin sujada, ba taimako daga waje. Abin da ke hannunsu shi ne Littafin da Zabura. A 1546 waɗansunsu suka ziyarci ekklisiyar masu jin Faransanci a Strasbourg, suka ga yadda a ke tafiyad da ita, suka komo da niyyar yin haka. Bayan azumi da addu'a suka zaɓi Pierre Leclerc, ɗan'uwan Jean, ya zama mai hidimarsu. Shi ma mai shiɓa ne. Bai yi makarantar malamai ba, amma ya san Littafi ƙwarai da harshensa. Wani dattijo, Étienne Mangin, ya ba da gidansa a Kasuwa. Can a ke wa'azi, a ke baftisma, a ke cin Jibin Ubangiji. Cikin 'yan watanni masu zuwa suka kai 300 ko 400, daga gari da ƙauyuka.

Taro irin wannan ba ya ɓoyuwa. Ran 8 ga Satumba 1546 ma'aikatan sarki suka faɗa gidan, suka kama mutum wajen 60, maza da mata. Ba su yi faɗa ba. An ce suna raira Zabura ta 79 a hanyar kurkuku. Aka kai su Faris a keken shanu, kotu ta yanke wa 14 hukuncin mutuwa. Babban laifin da aka ɗora musu shi ne, mutumin da ba firist ba ya ba da Jibin Ubangiji. A watan Oktoba aka komo da su, aka ƙone su da rai a filin Kasuwa, kusa da gidan Mangin, aka rushe gidan. Daga filin nan ana hangen hasumiyar majami'ar da ke ɗauke da sunan Istifanus.

Sauran suka warwatse zuwa Orléans da Senlis da waɗansu garuruwa. Abin da ya faru a Urushalima bayan mutuwar Istifanus, shi ne ya sāke faruwa: duk inda suka je suka yi shaida. A 1559 ekklisiyoyin bishara na Faransa suka yi babban taronsu na fari a Faris.

SA'AD DA AKA ZARE TAKOBI

Wajibi ne mu faɗi abin da ya biyo baya, ko da ba shi da daɗin ji. Da masu bin bishara suka yi yawa a Mo, suka ji ƙarfi, halinsu ya sāke. A 1562 suka shiga babbar majami'a suka farfasa siffofi. Har yau mai wucewa ta ƙofar kudu zai ga siffofin dutse a tsaye ba kawuna. A 1567 shugabannin yaƙinsu suka yi ƙoƙarin kama Sarki Charles na 9 a kusa da Mo, ba su yi nasara ba, sarki kuwa bai manta ba. A watan Agusta 1572, da aka soma kisan masu bin bishara a Faris, kashegari abin ya iso Mo. Aka rufe ƙofofin gari, aka kama wajen 200, aka karkashe da yawa. Yaƙin addini ya ci ƙasar fiye da shekara 30.

Sarki Henri na 4 ya kawo salama da dokar Nantes a 1598, wadda ta ba masu bin bishara izinin sujada a waɗansu wurare. Jikansa Louis na 14 ya soke ta a 1685. Aka rushe ɗakunan sujada, mutum wajen 200,000 suka bar Faransa, da yawansu masu sana'a ne. Ƙasar da ta kori masaƙanta, ita ta yi hasara. Bishop na Mo a lokacin shi ne Bossuet, daga 1681 zuwa 1704, mai wa'azin da ba kamarsa a Faransa ta zamaninsa, har a ke masa kirari da Gaggafar Mo. Amma ya yabi sarki a kan soke dokar. Kabarinsa yana cikin majami'ar. Gidansa ya zama gidan ajiye kayan tarihi, lambunsa kuwa an tsara shi da siffar hular bishop.

Goma sha huɗun da aka ƙone ba su ɗaga hannu a kan kowa ba, shaidarsu ta haifi ekklisiyoyi. 'Ya'yansu da suka ɗauki gatari da takobi, abin da suka bari shi ne gumaka marasa kai da gaba mai tsawo. A duba Matta 26:52.

GARIN A ZAMANIN BAYA

Sana'ar ulu ta mutu a hankali, garin ya dogara ga alkama da niƙa. A 1802 Napoleon ya ba da umarni a haƙa hanyar ruwa ta Ourcq, wadda ta bi ta gefen Mo ta kai ruwa da kaya Faris. Jirgin ƙasa ya iso a 1849. A watan Satumba 1914 sojan Jamus suka kai ƙofar garin, aka tare su a yaƙin Marne, cikin waɗanda suka faɗi a tuddan arewa da garin har da sojojin Maroko da yawa. An buɗe babban gidan tarihin wannan yaƙi a Mo a 2011. Tsofaffin gidajen niƙa na gadar Kasuwa gobara ta cinye su a 1920. Bayan 1960 aka gina dogayen benaye domin ma'aikata, daga baya aka rushe da yawansu. A yau mutanen Mo da yawa su kan shiga jirgi da safe su tafi aiki Faris.

Abu biyu na ci ne su ke ɗauke da sunan garin ko ina. Na fari cuku ne mai taushi na nonon shanu, Brie na Mo, mai faɗi kamar faifai, nauyinsa kusan kilo 3. Guda ɗaya ya kan ci madara wajen lita 25, a kan ajiye shi aƙalla mako 4 kafin ya nuna. A kasuwar Mo aka saba sayar da shi, shi ya sa ya ɗauki sunan, ko da ya ke yawancinsa yanzu a gabas da nan a ke yi. Na biyu shi ne mustad, wani yaji da a ke yi da ƙwayar nan da Ubangiji ya yi misali da ita a Matta 13:31-32. A kan ɓarza ƙwayar, a kwaɓa da ruwan tsami, a zuba a 'yar tukunyar yumɓu.

Masu bin bishara sun sami 'yancin zama a 1787, a ƙarni na 19 suka gina ɗakin sujada a cikin gari, ƙarami ne, ana sujada a ciki har yanzu. A babbar majami'a kuma, tun bayan babban taron ekklisiyar Roma na 1962 zuwa 1965, da Faransanci a ke karanta Littafi ana sujada. Abin da aka kori Lefèvre dominsa ya zama abin yau da kullum a hayi biyu na kogin.

ABIN KOYO DOMINMU

Na ɗaya. Mu ma mun sami Littafi Mai Tsarki da harshenmu, an buga shi cikakke da Hausa a 1932. Mutanen Mo sun biya da ransu domin abin da mu ke saya a kanti. In naka yana cikin akwati daga Lahadi zuwa Lahadi, da kai da wanda aka hana duk ɗaya ne.

Na biyu. Bishop da malamai shekara 4 kaɗai suka yi suna aiki tare a Mo. Abin da ya wanzu bayansu shi ne abin da ya shiga zuciyar masu shiɓa. Fasto da mai bishara su tambayi kansu: in aka ɗauke ni gobe, akwai manomi ko tela ko mai awo a ekklisiyan nan da zai iya buɗe Littafi ya ciyad da 'yan'uwa? In babu, aikin bai kafu ba tukuna.

Na uku. Kada mai sana'a ya ce shi ba kome ba ne. Bulus mai ɗinkin tanti ne, Pierre Leclerc mai shiɓa ne. Rumfar aiki wurin shaida ce, ɗan ci-rani kuma ya iya komawa gida da abin da ya fi kuɗi.

Na huɗu. Gwajin ekklisiya ba lokacin tsanani kaɗai ya ke zuwa ba, ya kan zo ran da ta ji ta yi ƙarfi. Wanda ya sha zalunci ya yi hankali kada ya koyi halin azzalumi.

TAMBAYOYI

1. Ta wace hanya kogi ya taimaki garin Mo, ta wace hanya kuma ya cuce shi?
2. Me ya sa Maganar ta yi saurin bazuwa cikin masu aikin ulu?
3. Gwada Ayyukan Manzanni 8:1-4 da abin da ya faru a 1546. Ina suka yi kama?
4. Karanta 1 Bitrus 2:4-5. Wane gini ne aka yi a gidan Mangin, da waɗanne duwatsu?
5. Mutum nawa ne a ekklisiyarku ba su iya karatu ba tukuna? Wa zai koya musu a ranin nan?

Mu yi addu'a domin masu juya Littafi zuwa harsunan da ba su samu ba tukuna, da 'yan'uwa da ke shan wuya saboda sunan Yesu, domin Ubangiji ya ba su haƙuri, ya tsare hannuwansu daga ramuwa. Amin.